Mai Ihu a Ɗakin Katifu

Yayata da ihu ta yi suna, alhali duk danginmu babu wanda ya kai ta shiru. Tun muna yara haka take. In aka taɓa mu ni ce mai tada jijiyar wuya, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi, har mahaifiyarmu takan ce bakin mutum biyu aka haɗa aka ba ni. Da muka girma na zama tela, ita ta buɗe shagon wanki da guga a ƙasan wani tsohon bene. Shagona yana kusa da nata, daga kan keken ɗinkina ina jin ƙarar dutsen gugarta in ta ajiye shi.

Mijinta mai gyaran rediyo da fanka ne. Kowa Injiniya yake ce masa, har ita. Teburinsa yana bakin ƙofar shagonta, cike da wayoyi da ƙananan kusoshi a cikin gwangwanin madara, kuma shi ne mai surutun gidan. Yana gyara yana ba ta labari ta taga, tana guga tana cewa "uhm". Malama Shiru yake kiranta. 'Ya'yansu sun girma kowa ya kama gabansa, suka rage su biyu.

A saman benen wani saurayi yake haya, malamin makaranta ne, amma shi a ransa darakta ne, kuma Darakta muke ce masa don mu huta. Finafinan ban tsoro yake yi da abokansa a ranakun hutu. Kada ku ɗauka irin na manyan kamfanoni ne. Kyamararsu ɗaya ce, ita ma ta aro. Da rana tsaka suke ɗauka, su toshe tagogi da baƙin yadi su ce dare ya yi. Jininsu ruwan sukari ne da rini, shi ya sa ƙuda ba sa barin gawarsu ta kwanta lafiya. Fatalwarsu kuwa zannuwan gado ne da masu su suka manta a shagon Yaya, ni nake rage musu tsawo. Akwai fim ɗinsa guda da babu komai a ciki sai wata ƙofa tana buɗewa a hankali, tun daga farko har ƙarshe. Na ce masa ina labarin? Ya ce, "Anti, ai tsoron yana cikin jiran." Na ce in haka ne mu da muke jiran a kawo wuta kullum a cikin fim muke.

Abu ɗaya ya gagare shi, shi ne ihu. 'Yan matan da yake sakawa ba su iya ba. Wata in ta buɗe baki sai dariya ta ƙwace mata, wata tana tsoron kada fuskarta ta yi muni, sai ta yi wani ɗan siririn "wayyo" kamar wadda sauro ya ciza.

Ran nan Yaya ta zura hannu a kwandon wanki, ɓera ya biyo hannunta har kafaɗa. Ihun da ta yi sai da na taka keke ba shiri allura ta karye. Masu shaguna suka fito a guje, Injiniya ya shigo da sukudireba a hannu, Darakta ya sauko ba takalmi. Kowa yana tambayar lafiya, shi kuwa ya tsaya yana kallonta baki buɗe.

"Mama," ya ce, "don Allah za ki iya sake yi?"

Na so in kwaɗa masa almakashi. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe shekara da shekaru da jiniya yake zaune bai sani ba. Yaya ta ce Allah ya kiyaye. Darakta ya yi ta sintiri, yau ya kawo wanki, gobe ya kawo fankar da lafiyarta ƙalau a duba masa, har ta gaji ta ce to, sau ɗaya.

Ɗakin ɗaukar muryarsu wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, inda ake ajiye tarkace. Sun lulluɓe bangon da tsofaffin katifu da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shiga. Ƙofar ba ta kamawa, saboda haka in mutum ya shiga sai su turo wani mataccen firji su tokare ta daga waje. Ƙwan fitilar ciki yana wani ɗan zuzu da makirufo yake ɗauka, dole a kashe shi. Yaya kuwa tun tana ƙarama ba ta son duhu. Ta leƙa ta ce ita ba za ta shiga ba.

Injiniya ya ce, "Ni ma ai ba zan yarda a tokare min mata da firji ita kaɗai ba. Ku sa min kujera."

Daga nan tsarin aikinsu ya samo asali. Su biyu a ciki, a zaune gwiwa da gwiwa. Shi yana da iyafis, ɗan ƙaramin abin ji, a kunne ɗaya, wayarsa ta bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa teburin Darakta. Darakta yana kallon fim ɗin a kwamfuta, in wurin ihu ya zo ya ce "yanzu", Injiniya ya matse hannun Yaya, ita kuma ta saki murya. Doka ɗaya Darakta ya kafa: duk abin da aka ji daga ciki, ba mai motsi, ba mai taɓa firji, sai ya ce "kat". Ya kafa ta ne tun ranar da wani abokinsa ya tsorata ya buɗe ƙofa ya ɓata musu ɗauka mai kyau.

Sau ɗayan nan ya zama shekaru. Ta yi ihun budurwa, ta yi na tsohuwa, ta yi na matar da ta ga hannu ya fito daga tulu. Ta ce min ihu iri-iri ne: akwai na wanda ya gani, akwai na wanda aka taɓa, akwai na wanda ya gane ba mai zuwa. Fuskarta ba ta taɓa fitowa ba. A ƙarshen fim sai dai a rubuta "Ihu: Mai Guga", don ta hana a sa sunanta. Masu kallon ma ba su da yawa. A bangon tsakar benen ake haskawa, 'yan unguwa su zo da kujerunsu, rabinsu dariya suke yi, amma in muryar Yaya ta fito sai ka ga dariyar ta ɗauke.

Abin da Darakta yake ba ta bai taka kara ya karya ba, shi ya sa na taɓa tambayarta me take samu a ciki. Tana ninke riga, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke kullum kina zubar da naki a kan mutane. Ni sai a ɗakin nan." Ta ce in ta fito sai ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka. Maganar ta tsaya min a rai, don ban taɓa tunanin mai shiru ma yana tara abu ba. Na ɗauka ni ce mai zafi, ita Allah ya yi ta da sanyi, shi ke nan.

Fim ɗin da suke yi a wannan karon labarin wata mata ne da aka kulle a ɗaki, wani abu yana matsowa kusa da ita. Aikin Yaya shi ne ta yi ihu, ta bugi ƙofa, tana cewa a buɗe, a taimake ta. Ranar da hantsi ne, na gama ɗinkin wata rigar fatalwa na kawo musu. Tun daga bakin matakala na ji muryarta ta cikin katifun, da duka a jikin ƙofa.

"Ku buɗe! Ku taimake ni! Wayyo, ku buɗe!"

Darakta yana zaune da abin ji a kunnuwansa, idonsa a rufe, hannunsa ɗaya a sama alamar kada kowa ya motsa. Mai kyamara yana ɗaga masa babban yatsa. Wata yarinya cikin 'yan wasan ta rungume kanta tana raɗa, "Kai, yau Mama ta kashe shi." Tsigar jikina ta tashi, amma na saba, tsigar jikina takan tashi in Yaya tana aiki. Sai na ji ta kira suna. Ba Injiniya ta ce ba, sunansa na ainihi ta kira, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, ta kuma sake kira.

Na yar da rigar. "Wannan sunan yana cikin fim ɗinku?" na ce. Darakta ya buɗe ido. Ban jira amsarsa ba na sa kafaɗa a firjin, sauran suka taso muka ture shi tare.

Injiniya yana jingine a jikinta, kansa a kafaɗarta, iyafis ɗin yana lilo. Hannunsa har lokacin yana cikin nata. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, ya ce ko da an buɗe nan take da wuya a yi wani abu. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa tausayinmu ya ji. Ni dai na daɗe ina jin haushin yaran nan, haushi mai tsanani, ko inuwarsu ba na son gani. Da Darakta ya zo gaisuwa ni na tare shi a ƙofa, na ce ya je ya ce "kat" tukuna. Ya juya yana share ido. Yanzu in na tuna ina ganin ba mugunta ce ta zaunar da su ba, sabo ne. Shekaru suna jin tana neman taimako a bayan ƙofar nan suna yaba mata.

Yaya ta koma shago bayan an watse daga zaman makoki. Teburin Injiniya yana nan da gwangwanayensa, ta hana a ɗauke. Da can shirunta mai sauƙi ne, kana iya zama kusa da ita ka huta. Wannan kuwa nauyi gare shi. Tana ramewa, tana ƙona kayan mutane, ita da ba ta taɓa ƙona ko hankici ba. Wata rana na shigo na tarar da hayaƙi yana tashi daga wuyan wata farar riga, ita tana tsaye tana kallon bango. Na fizge dutsen gugar na ce ta faɗa min abin da yake cinta ko in tara mata jama'a.

"Ya yi magana," ta ce.

"Wa?"

"Shi. Kafin ya matse hannuna na ƙarshe ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Ni ina jan numfashi ina shirin ihu, ban saurara ba. In ce min ya yi ƙirjinsa yana ciwo fa? In ce min ya yi in sa a buɗe? Ni kuma ina can ina shirin wasa."

Na ce haba Yaya, shaiɗan ne yake kawo miki wannan. Ta ce shaiɗan ko ba shaiɗan ba, ita ta kasa tunawa, kuma ko'ina ta juya abin yana gabanta.

Ba a daɗe ba Darakta ya sauko. Wannan karon ta bayan idona ya bi, sai dai na hango shi ta taga na biyo shi da tef ɗin awo a wuya. Ya ajiye kwalin ashana a kan teburin guga. A ciki akwai ɗan katin memori na ajiye murya, bai kai farce ba.

"Mama, ɗaukar ranar ce," ya ce. "Kin san mu ba mu da wurin ajiya, da mun cire ihun da muke so sai mu goge sauran. Wannan ce kawai ban taɓa ba. Ban saurara ba, ban bari kowa ya saurara ba. Mai kyamara ya dame ni wai mu sa a fim ɗin, wai ba a taɓa ɗaukar irinsa ba. Na ce ba nawa ba ne. Naki ne."

Na ce, "Miƙo nan in ɗora masa dutsen guga mu huta. Shi kuma mai kyamarar ka ce masa ina nemansa."

Yaya ta dafe kwalin da tafin hannunta. "Yana ciki?" ta ce.

"Tun daga lokacin da aka tokare ƙofa, Mama. Duk abin da aka faɗa."

Sai a lokacin na lura da wani abu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara rediyon mutane, muryarsa ba ta cikin ko ɗaya. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ya aika saƙon murya, in aka ɗaga waya za a ɗauke shi a biki sai ya kauce ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Duk surutun nan nasa, abin da ya rage a duniya yana cikin kwalin ashana, manne da ihun da ba na fatan ko maƙiyina ya ji.

Darakta ya ce zai iya yanke farkon ya kawo mata, ya bar sauran. Ta ce a'a, ba wanda zai riga ta ji, kuma ba ta so a zaɓa mata. Na ce to in abin da kike tsoro ne a ciki fa? Ta ce in shi ne gara ta sani.

Ya sauko da kwamfutarsa ya ɗora a kan teburin guga, tsakanin tarin wanduna. Na rufe ƙofar shago. Ta ƙi sa abin ji a kunne, ta ce ya buɗe kowa ya ji. Na zauna kusa da ita a kan benci.

Da farko ƙarar jan firji ce, sai ƙarar makunnin fitila. Sai muryarsa, ras, kamar yana bakin taga.

"To, Malama Shiru, an rufe mu. Kin kashe dutsen guga kuwa, ko sai mun fito mu tarar da toka?"

"Na kashe," in ji muryarta.

"Madalla. Tashe su."

Ihu ya biyo baya, na aiki, mai kyau, irin wanda na saba ji. Da ya ƙare sai dariyarsa ƙasa-ƙasa. "Ashe har yanzu da sauranki. Wancan yaron ya ce a ƙara ɗaya." Yaya ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ni kam hawaye nake yi ba ɓoyewa.

Aka ɗan yi shiru. Ana jin kujera ta motsa, ana jin numfashinsa ya canza, ya yi nauyi, yana ja da ƙyar. Ana jin ita ma tana jan nata, dogo, na mai shirin ihu. A tsakanin numfashin biyu ya yi magana, a hankali ƙwarai, sai da Darakta ya mayar baya ya ƙara murya.

"Kada ki tsorata."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce ciwo ba, bai ce a buɗe ba.

Yaya ta ɗaga hannu. "Tsaya nan," ta ce. "Sauran na sani."

Darakta ya tsayar. Sannan ta ce haka yakan ce mata sau da yawa in an kashe fitila, tun ranar farko, shi ya sa kunnenta bai riƙe ba. Amma bai taɓa faɗa a tsakiyar aiki ba sai ranar. "Ya ji abin yana zuwa," ta ce. "Ya san a kaina zai faɗo a cikin duhu."

Ta sa Darakta ya yanke daga nan, ya tura mata farkon a wayarta, ya goge sauran a gabanta. Ya goge. Ya tattara kwamfutarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana inda-inda, ya ce fim ɗin zai bar shi, ba zai ƙarasa ba. Yaya ta ce kada ya soma, Injiniya ya zauna a zafin ɗakin nan saboda fim ɗin, ya ƙarasa abinsa. Ihu ne dai ta gama, ya nemi wata.

Bai nemi wata ba. Da aka haska fim ɗin a bangon tsakar bene, matar tana dukan ƙofa, bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta a tashe, babu sauti ko kaɗan. Wani ya ce lasifika ta lalace. Ba wanda ya yi dariya. Na je na gani da idona, kuma ban tambaye shi ina labarin ba. Yaya ba ta je ba, ta ce tana da guga. Firjin nan an sayar wa masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ɗakin katifu ya koma wurin ajiye tarkace.

Ta daina ƙona kaya. Jikinta ya ɗan dawo, har takan ce min "uhm" in ina zuba, kuma ni na karɓi aikin ba ta labari, ko da yake ta ce nawa duk faɗa ne. Teburin Injiniya ta bayar wa wani mai gyaran waya, ta riƙe gwangwani ɗaya na kusoshi a kan taga.

Kwanakin baya muna ɗakin ciki na shagonta, inda take rataye kayan da aka gama, ɗakin da ba shi da taga. Ina taya ta neman wata riga sai aka ɗauke wuta, iska kuma ta turo ƙofa. Duhu ya rufe mu. Na fara laluben wayata in haska mata, ina tsine wa masu wuta.

"Bari," ta ce.

Na ji tana danna tata. Ta kife fuskar wayar a ƙirjinta, hasken bai fito ba, sai muryar.

"Kada ki tsorata."

"To," Yaya ta ce. "Na ji."